Asabe da Mashigin Bara

An ce a Gusau, ba da daɗewa ba, an yi wata ma'aikaciya mai suna Asabe, akanta a wani kamfanin casar shinkafa. Ta ci dukkan darussan jarrabawar ƙwararrun akantoci in ban da guda ɗaya, wato fannin haraji, wanda ya kayar da ita har sau biyu. An kuwa sanar da ita cewa in ba ta haye a zama mai zuwa ba, duk abin da ta ci a baya ya rushe, sai ta koma tun daga farko. Mako bakwai ya rage.

Wata Asabar da hantsi ta nufi gidan kawunta, Malam Jatau, wanda ya yi shekara talatin a ofishin haraji kafin ya ajiye aiki ya koma kiwon zabi. Ta same shi a gindin darbejiya yana watsa musu gero. Gaisuwa ba ta yi nisa ba ta zaro takardar koke shafi uku da ta rubuta wa hukumar jarrabawa, ta ce ya gyara mata, tunda shi ya san harshen ofis. Ta ce zalunci ne tsagwaronsa: ta yi karatu har idonta ya fara ruwa, waɗanda ta koya wa lissafin harajin albashi duk sun wuce, ita kuwa an bar ta a bakin ƙofa.

Malam Jatau bai karɓi takardar ba. Ya ce ta miƙo masa littafin da take bita da shi.

Ya juya shi a hannu. Kashin farko, inda ake maganar harajin albashi, ya yi baƙi da dattin yatsa, ga jan biro ko'ina. Daga inda harajin kamfanoni ya fara kuwa, da rangwamen da ake yi wa injuna da gine-gine, shafukan fes suke kamar yau aka bugo su. Ya duba shekarar bugu, ya ga shekara shida ke nan. Wani abokin aikinta ne ya bar mata.

Ta ga fuskarsa ta sauya, sai ta riga shi. "Kawu, ai da tsohuwar zuma ake magani."

"Zuma ba majalisa ke zama a kanta ba," in ji shi. "Zauna, 'yar nan. Kin taɓa jin labarin Nomau, manomin da ya kai ƙarar mai iri?"

Ta ce ba ta ji ba, kuma ba labari ya kawo ta ba. Ya ce shi ma ba koke ya fito da shi ba. Sai ya fara.

A wani ƙauye an yi wani manomi Nomau, wanda kowa ya shaida ba rago ba ne. Gonarsa a gangare take. Sama jigawa ce mai laushi, a bakin hanya. Ƙasa kuwa laka ce mai nauyi, ciyawar ƙiri-ƙiri ta yi mata tabarma. Nomau ya fi kowa sammako, amma kullum a jigawa yake. Ya yi noman fari, ya yi maimai, ya sake komawa yana tsintar ciyawar da ba ta fi allura ba. Masu wucewa sai su ce, sannu Nomau, gonarka kamar tsakar gida. Shi kuwa sai ya ji daɗi. In ya leƙa gangare ya sa fartanya ta ƙi shiga, sai ya ce gobe.

Da kaka ta yi, damin da ya ɗaure bai kai rabin na maƙwabtansa ba. Ransa ya ɓaci, ya tafi wurin Sarkin Noma yana huci, ya ce mai iri ya cuce shi, a kira shi ya biya. Sarkin Noma ya ce su je gonar tukuna. Ya dumbuzi ƙasar jigawa ta zube ta tsakanin yatsunsa, yashi ne zalla. Ya gangara ya ga dawa ta fito da ƙarfi, amma ciyawa ta shaƙe ta. Ya tambaye shi me ya hana shi noma nan. Nomau ya ce ai tun zamanin mahaifinsa jigawar ce ke ciyar da gidan.

Sarkin Noma ya ce, "Ka tuna mini da Madugu Ilu." Nomau ya ce wane ne shi. Sarkin Noma ya zauna a kan kunya ya ce ya saurara.

Madugu Ilu falke ne mai jakai ashirin, kanwa yake kaiwa kudu. Akwai wani kogi da yake ƙetarewa a daidai wata kanya, shekara ashirin bai taɓa jiƙa wando ba. Wata shekara bayan damina mai ƙarfi ya iso wurin, ya tarar da wani masunci yana gyaran taru. Masuncin ya miƙo masa gora ya ce ya auna ruwan tukuna, don kogin ya motsa. Madugu ya ji kamar an zage shi. Ya ce tun masuncin na goye yake ratsa nan, wa zai koya masa hanya? Ya kora jakai. Ba su kai tsakiya ba na gaba ya nutse har kunne, sauran suka bi. Da ƙyar aka fito da dabbobin, kanwa kuwa ta zama rabon kifi. Madugu ya tsaya a gaɓa ruwa na ɗiga daga gemunsa, yana tsine wa kogi, yana cewa ya ci amanarsa.

Masunci ya ce, "Kogi bai yi maka alkawari ba, Madugu. Mu da muke rayuwa a bakinsa, kowace shekara sai mun sa gora. Kai kanya ka sani, ba mashigi ba."

Sarkin Noma ya dubi Nomau ya ce shi ma haka. Ruwan sama ya daɗe da kwashe takin jigawa ya kai gangare. Albarkar ta ƙaura, shi kuwa yana nan yana yi wa yashi kwalliya don 'yan kallo. Mai iri bai yi masa komai ba. Ya ce masa, "Laifi tudu ne, Nomau. Sauko daga naka, fartanyarka na jira a laka."

Malam Jatau ya kori wata zabuwa da ta hau tabarma. Sannan ya ɗaga littafin, muryarsa ta hau.

Ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne 'yar ƙanwarsa ce, mai kai, ba daƙiƙiya ba. Shekara biyu tana share jigawa. Harajin albashi da take yi kowane ƙarshen wata a wurin aiki, wanda ko a mafarki za ta lissafa, shi take ta maimaitawa don ta ji daɗin samun amsa daidai. Wurin da maki suke kuwa ta bar shi fes. Abin da ta ɗan leƙa ma, da ƙa'idar shekara shida ta lissafa shi, alhali dokar haraji ba ta cika zama wuri ɗaya ba. Mai duba takarda ya ga adadin da aka daɗe da sauyawa, me zai ba ta? Sannan ta zo masa da koke shafi uku. Ya ce da wannan ƙarfin ta sa a babi ɗaya da yanzu ta gama shi.

Asabe ta ji zafin maganar. Ta buɗe baki ta ce ai harajin kamfanoni ne ba ya shiga kanta. Ya ce fartanyar Nomau ma haka ta ce da laka.

Ta sunkuyar da kai. Ta tuna ranar jarrabawar baya, yadda ta cika shafi huɗu a tambayar albashi tana murmushi, sannan ta juya ta ga tambayar kamfani mai maki mafi yawa, agogo kuwa saura minti ashirin. Ba ta taɓa faɗa wa kowa wannan ba, har kanta.

Can ta ce a hankali, "To Kawu, ina gorar take?"

Ya ce gorarta ita ce tambayoyin zaman da ya wuce. Ta zauna gobe ta amsa su cikin awa uku, littafi a rufe, agogo a gaba, sannan ta kawo masa. Inda ta nutse, nan ne aikinta. Kafin nan kuma, yau ɗin nan, ta nemo sabon bugu da dokar da ake aiki da ita bana, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Asabe ta dubi takardar kokenta, ta juya bayan takardar, ta ciro biro. Ta ja layi bakwai, kowane mako da nasa. Huɗu na farko ta ba harajin kamfanoni da rangwamen kayan aiki, kuma da safe, kafin ofis ya cinye mata kai. Na biyar ta ba ƙananan harajin da take tsallakewa. Biyu na ƙarshe ta ce na amsa tsofaffin tambayoyi ne da agogo. Ta tsaya, ta ɗago kai ta ce, harajin albashi fa?

"Ranar Juma'a da yamma," in ji Malam Jatau, "ki je ki gaishe shi, kamar yadda ake gaida tsohon maƙwabci. Kada ki kwana."

Ta yi dariya ba da son ranta ba. Ta ce ta ji, ta kuma yarda: ba hukuma ce ta kayar da ita ba, mashigin bara ta bi. Ta miƙe ta kai hannu za ta ɗauki tsohon littafin, sai kawun ya riga ta. Dama bencinsa ya daɗe yana ɗingishi. Ya cusa littafin ƙarƙashin gajeruwar ƙafar, ya zauna ya gwada, ya ce yau dai littafin nan ya yi wa wani amfani.

Asabe ta naɗe takardar, gefen jadawali a waje, ta kama hanyar kantin littattafai.