Wa Ya Dawo da Abarta Gida?

To, ku matso ku gyara zama. Wadda zan ba ku yau ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe kada wanda ya dube ni, ku za ku raba gardamar da kanku.

A wani ƙauye da ake kira Tungar Marke an yi wata mata, Kulu, matar wani manomi mai suna Nomau. Shekarar da aka ga zinariya a dutsen bayan gari, maza suka watsar da fartanya suka ɗauki diga. Su haƙo dutse, su cika buhu, su kawo gida, mata su daka, a kwashi garin dutsen a kai kududdufi a wanke. Kulu ma ta daka, har ta fi kowa, don mace ce mai ƙarfin hannu. Turmin da take surfe da safe, shi take daka dutse da hantsi. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen nan, balle a san ƙurarta guba ce. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, ta sauka a tabarma, ta sauka a hannun yara masu rarrafe.

Agwagi suka fara mutuwa, aka ce annobar kaji ce. Sai abin ya koma kan yara. Yaro ya yi zazzaɓi, ya sandare, idanu su juye, kafin a jiƙa rubutu ya tafi. Kulu ta rasa biyu a shekara ɗaya. Aka ce iska ce, aka ce maita ce, har aka daina gaisawa da wata tsohuwa da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Da Kulu ta sake haihuwa aka sami mace, sai ake kiranta Abarta, ko Allah zai bar mata wannan.

Abarta na da shekara biyu ta fara sandarewa. Kulu, da cikin wata shida, ba ta tsaya jiran kowa ba, ta goya ta, ta hau babur sai asibitin birni. Aka ɗebi jini aka auna. Likitar, wata mace mai magana kai tsaye, ta zaunar da ita ta bayyana mata inda gubar ta fito, sannan ta ce, "Za mu wanke mata jini, kuma da yardar Allah za ta tashi. Amma gubar tana gidanki, a ƙasa da ruwa. Ba zan sallame ta ba sai an kawo mini shaidar gidan ya tsabtata."

Kulu ta dubi tafin hannunta ta daɗe. Ba ta yi kuka ba. Ta aika mahaifiyarta ta zo, ta bar mata jinya, ta kamo hanya. Saura kamar kwana arba'in damina ta faɗi, kuma an gaya mata in ruwa ya sauka zai yaɗa gurɓatacciyar ƙasar ko'ina, rafi ya yanke hanyar birni, aikin tsabtace gidan ya koma sai baɗi.

A lokacin an buɗe horo na kwana goma a birni kan yadda ake tsabtace ƙasa da ruwa, aka ba Tungar Marke gurbi uku. Maigari ya sa aka yi shela har sau biyu, shiru. Wa zai bar zinariya ya je ya zauna a benci kamar ɗan firamare? Sai Kulu ta nufi gidan ubanta, inda take da 'yan'uwa maza uku: yayanta Lawali, da ƙannenta Haliru da Zayyanu. Ta tara su a gaban mijinta ta ce, "Duk wanda ya dawo mini da Abarta gida, in abin da ke cikina namiji ne, sunansa za a sa masa." Nomau, wanda tun daga asibiti ya kasa haɗa ido da ita don shi yake kawo buhunan, ya ce ya ji ya yarda. Shi ne kuma ya fara kwashe turmin dutse ya fitar bayan gari.

Suka tafi suka dawo da ɗan littafin jagora guda ɗaya mai hotuna, boko da ajami, amma kowa da abin da aka koya masa. Lawali awo, Haliru kwashe ƙasa da binne ta, Zayyanu sha'anin ruwa. An ba Lawali aron wata na'ura kamar tocila, a ɗora bakinta a ƙasa ta nuna lamba. Ya bi gidan Nomau taku-taku, duk inda lamba ta hau ya zagaye da toka. Kafin azahar tsakar gidan ta zama zane-zanen toka, ba wajen sa ƙafa.

To, ga aikin Haliru. Ya yi gayya, ya tara majiya ƙarfi, sai suka tarar da surukin Kulu, Baba Magawata, zaune a ƙofar zaure da sandarsa a gicciye. Tsoho ya ce mabiyiyarsa tana binne a bayan ɗakin can, ta ubansa ma, ta jikokinsa biyu da suka tafi ma, kuma yana raye ba mai kwashe su ya zuba a rami kamar shara. Matasa suka so a ture shi a wuce. Haliru ya hana. Kwana uku yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi, tsoho na kawar da kai. A rana ta uku ya tambaye shi zurfin da ake binne mabiyiya, tsoho ya ce kamu guda, kowa ya san wannan. Haliru ya kankare ƙasa a ƙofar gida daidai yadda littafin ya ce, ya kama hannun tsohon ya sa a ciki. Yatsu huɗu ne kawai. Ya yi masa alkawarin bayan ɗakin shi kaɗai zai kankare, tsoho na zaune yana kallo. Sai aka janye sanda.

Kwana goma sha bakwai suna yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, baki da hanci a ɗaure, suna kankarewa suna cika buhu, amalanke na kaiwa wani rami nesa da rafi da aka shafe da laka aka shimfiɗe da leda. Kai, ɗan Adam! Wasu samari suka ce ai akwai sauran zinariya a buhunan nan, bari su kwashe su sake wankewa a kududdufi. Haliru ya hau kan buhunan ya zauna. Aka buga masa ƙotar shebur a goshi, jini ya rufe masa ido, bai sauka ba sai da aka rufe ramin. Sannan ya ɗebo sabuwar ƙasa daga wata gona da Lawali ya auna, ya shimfiɗe gidan da ita.

Ga na Zayyanu. An koya masa cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa ma tafiya yake yi, yana bin gangare. Ya duba ya ga kududdufin wankin dutse yana sama, rijiyar gidan tana ƙasa da shi. Ya aika da ruwan rijiyar birni a kwalba, sakamako ya dawo ba daɗi. Ya ce a rufe ta. Nan fa aka yi ca a kansa, don ruwan garau yake, ga daɗi, kuma rabin unguwa nan suke sha. Ya toshe kunnensa ya dafe bakinta da siminti, mata suna wucewa da tulu suna yi masa Allah ya isa. Ya ce zai ba su wata a kan tudu, sama da kududdufin. Masu haƙar rijiya suka ce ruwa ya yi nisa a can, ba su shiga. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga da kansa. A gaba tara gefe ya zame, ƙasa ta danne shi har ƙirji, aka zaro shi ƙafar hagu a karye. Kuna tsammanin ya kwanta a ɗaki? Da aka yi ɗori ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a bakin ramin, yana buɗe littafin yana gaya musu yadda za su tokare gefe. Kunya ta sa masu haƙar suka shiga. A gaba goma sha uku ruwa ya ɓullo, aka auna, ba guba. Shi kuwa bai ƙara takawa daidai ba.

Saura Lawali. Aiki ya ƙare, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Kulu da aka ajiye a gidan ubanta saboda ƙura ta zo ta tsaya a ƙofa da zanen goyo a hannu. Abin da ya rage kawai Lawali ya sa hannu a takardar shaidar da likita ta nema. Sai ya ce bari ya sake zagayawa. Ya shiga ɗakin Kulu, ya ja gado, ya ɗora na'urar a daɓe. Lamba ta hau fiye da ko'ina a gidan. Ashe shekarun baya Kulu ta ga dusar dutsen da ta rage bayan wanki mai laushi ce, tana ƙyalli, sai ta kwaɓa ta da makuba ta yi daɓe da ita. Matan unguwa har zuwa kallo suke yi. A kan daɓen nan 'ya'yanta uku suka koyi rarrafe.

Lawali ya ninke takarda ya sa a aljihu. Nomau ya roƙe shi. Maigari ya ce haba, ɗaki ɗaya ne, a shimfiɗa tabarma a kai. Haliru, goshi a ɗaure, ya ce an rufe rami, wa zai sake buɗe shi ga hadari a ka? Kulu ba ta san abin da aka gani ba, ita dai ta ji an ce ya ƙi. Ta ce masa, a gaban mutane, "Yaya, 'yata na can tana kirana, kai kana nan kana wasa da tocila. Ashe ba ka ƙaunata."

Ya ce, "Ki zage ni yau, Kulu. Na fi son haka da in ɗauki gawa ta uku daga ɗakin nan." Sannan ya gaya mata daɓen ne.

 Sai ta sunkuya ta ɗauki taɓarya za ta shiga ta fasa shi da kanta. Lawali ya tare ƙofa ya ce mai ciki ba ta shiga wannan ƙurar. Ta miƙa wa Nomau taɓaryar ta ce kada ya bar ko ɓarɓashi. Kwana biyu aka yi ana fasawa ana kwashewa, aka buɗe gefen rami aka zuba aka rufe. Lawali ya sake aunawa kusurwa-kusurwa, ya sa hannu. Da la'asar ɗin ranar ruwan farko ya sauka.

Aka dawo da Abarta kafin rafi ya cika, ta rame, amma idonta garau. Aka ajiye ta a tsakar gida. Irin na yara, ta dumbuzi ƙasa ta kai baki. Kulu ta zabura za ta fizge hannun, sai ta tuna. Ta zauna daɓas a ƙasa, kukan da ta riƙe tun asibiti ya ƙwace mata.

Da gero ya fara fitar da kai ta haihu, namiji. Ranar suna da hantsi zaure ya cika, ga rago a ɗaure, ga goro a faranti. Ga kawunnan jariri uku a jere: ɗaya da tabo a goshi, ɗaya da sanda a gefe, ɗaya kuwa har ranar Kulu ba ta iya duban idonsa saboda abin da ta faɗa masa. Ba wanda ya nemi komai a cikinsu. Liman ya tambayi suna, Nomau ya ce alkawarin na mai jego ne, ya shiga ya tambayo. Wani ya ba da shawarar a haɗa sunayen duka, Kulu ta aiko cewa mutum ɗaya ta ce, kuma ba ta sauya magana. Amma da aka ce to wane ne, sai ta kasa zaɓa.

Ba don Haliru ba, da sandar tsoho na nan a gicciye, ba a taɓa ko yatsa ɗaya na ƙasar gidan ba. Ba don Zayyanu ba, da yarinya ta dawo gida mai tsabta tana shan guba a moɗa. Ba don Lawali ba, da duk wahalar nan ta tafi a banza, an kwantar da ita a inda yayyenta suka kwanta.

To, ga liman ya sunkuya kan kunnen jariri yana jira, rana tana yi, mahauci ya wasa wuƙa. Ku da kuke zaune nan, ku ba Kulu amsa: Lawali, Haliru ko Zayyanu, sunan wa ya fi cancanta a raɗa wa yaron nan?