Fankar da Gyarau Ya Gyara

Akwai wani mai gyaran fanka da dutsen guga, irin mutanen nan da hannunsu ba ya iya zama wuri ɗaya. Gyarau ake ce masa, sunan kuwa ya bi shi. In ya zo gaishe ka, kafin ka kawo masa ruwa ya ɗaure maka notin kujera, ya miƙe maka agogon bango, sannan ya shaida maka wanda ya ja maka wutar gida bai san aikinsa ba.

Ya iya aiki, wannan babu musu. Abin da bai iya ba shi ne jin "bar shi haka".

Yana da yaya mace wadda mijinta ya rasu, tana zaune da 'yarta tilo a ciki da falo a saman wani bene. Ƙasan benen shagon mai walda ne, gefe injin niƙa, gaba kuma titi da babura da hon ɗinsu. 'Yar budurwa ce, ta haura ashirin, tana da abin da likitoci ke kira otizim. Ba ta da yawan magana, ba ta son a zuba mata ido, kunnenta kuwa ba ya tace ƙara irin na sauran mutane. Cokali in ya faɗi, ita har cikin ƙashinta take jin sa.

Saƙar hulunan jarirai take yi, hannunta kuma yana da kyau, wani shago a ƙarshen layin ke saye. In tana saƙa takan rera wani sauti da hanci, baki a rufe, shi ya sa uwar ke kiranta Tattabara.

Yayar Gyarau ta daɗe tana fama da ciwon ciki. An sha sa mata ranar aikin tiyata tana ɗagawa, don ba ta da wanda za ta bar wa 'yarta. Wannan karon likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye cewa in ta sake ɗagawa, abin zai fi ƙarfin aiki. Dole ta kira ƙanenta ya zo ya zauna.

Ranar tafiya asibiti ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga ɗaki. Kada ya canza wa zaren saƙa wuri. In Tattabara za ta fita, ya tabbata ta sa abin kunnenta mai kiɗa. Sannan ta nuna masa wata tsohuwar fankar tsaye mai caji a kusurwar falo. Fankar na juya kai dama da hagu, duk ta kai ƙarshen hagu sai ta ce ƙwas, ta dawo.

"Ka ga fankar nan? Ka riƙa sa mata caji. Ban da wannan, kada ka taɓa ta."

"Haba Yaya, ba ki ji tana ƙara ba? Robar da ke juya kan ce ta cinye. Aikin da ko zama ba sai na yi ba."

"Na ji. Na ce kada ka taɓa."

"Ƙanenki mai gyaran fanka, a shigo gidanki a ji wannan? Ai ni aka zaga."

"A zage ka ɗin. Ka saurare ni da kyau. Kullum da yamma zan kira. In na ji 'yata ba daidai ba, wallahi ko ƙarin ruwa aka sa min cire shi zan yi in taho."

Gyarau ya ce ya ji. Ya ji ɗin kuwa, da kunne ɗaya.

Ranar farko ya daure, amma daurewar ta ci masa rai. Ya zauna, ƙwas. Ya ɗauki waya, ƙwas. Ya kai loma baki, ƙwas. Ya dubi Tattabara tana saƙarta hankali kwance, ya ce a ransa, yarinyar da aka ce ba ta son ƙara ita aka bari da wannan azaba? Yaya dai tausayinta ya yi yawa har ya rufe mata tunani.

Kashegari da hantsi Tattabara ta jera hulunanta a jaka, ta sa abin kunnenta, ta sauka kai wa mai shago. Ko ƙarar takalminta ba ta gama ɓacewa a matakala ba Gyarau ya jawo jakar kayan aiki. Ya kwance bayan fankar, ya ciro 'yar robar nan mai haƙora wadda haƙorinta ɗaya ya lashe, ya sa sabuwa, ya shafa giris. Da yake mutum ne mai tsabtar aiki, ya share wurin tas, ya haɗa tsohuwar robar da sharar kicin, ya kai babban kwandon shara na bakin titi.

Ya kunna fanka. Luf, sai iska. Ya koma kujera ya harɗe ƙafa yana jiran godiya.

Tattabara ta dawo, ta cire abin kunne a bakin ƙofa kamar yadda ta saba. Sai ta tsaya cak. Kanta ya bi fankar zuwa hagu, ya dawo, ya sake bi.

"Kawu, ina ƙwas ɗin?"

"Na kashe miki shi, 'yata. Yanzu kya huta."

Daidai nan mai walda ya ɗora injin yankan ƙarfe. Jakar ta suɓuce daga hannunta. Ta toshe kunnuwa da tafin hannu biyu. Wani babur ya danna hon, ta yi ƙara, ta ruga ɗaki, ta shige cikin kabad ɗin kaya tsakanin barguna ta ja ƙofar.

Kun san mai taurin kai ba ya fara da cewa ya yi kuskure. Gyarau cewa ya yi ai shiru take so. Ya kashe fankar gaba ɗaya, ya cire firij daga wuta. Sai gidan ya zama fili, kowace ƙara ta titi tana shigowa da ƙafarta, yana jin kukan yarinyar na ƙaruwa a cikin kabad. Ya ce to kiɗa ne maganin, ya ƙure rediyo. Nan ta fara buga bayanta da katako.

Maƙwabciyarsu ta ƙofar gaba ta faɗo gidan ko mayafi ba ta gama yafawa ba. Ta kashe rediyon, ta kasa kunne, ta juyo ta dube shi.

"Malam, ba dai fankar ka taɓa ba?"

"Gyara ta na yi."

"Innalillahi! Mu da ba dangi ba mun san ba a taɓa fankar nan. Ko yarana sun sani. Kai da aka zaunar aka gaya wa?"

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, tun kafin yamma ta yi. Ya fita matakala ya ɗauka, ya ce Tattabara barci take.

"Barci da rana tsaka? Tun da na haife ta ba ta taɓa yi ba. Kai min wayar falo."

"Yaya, ba na jin ki sosai, layin na yankewa."

"Kana ji na sarai. Gobe da safe za a shiga da ni. Likita zai zagayo yanzu, in ya wuce zan sake kira. In ban ji 'yata ba, ka saurari sallamata."

Ta kashe. Gyarau ya san yayarsa, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. In ta baro gadon nan, shi ya taso ta, da hannunsa da sukundirebarsa.

Ya koma ya durƙusa gaban fankar. Ƙara ake so? Ai ba abin wahala ba ne. Ya soka guntun kwali a ragar, fanka ta fara far-far-far.

Daga cikin kabad murya ta ce, "Ba ita ba ce."

Ya sassauta noti, kan fankar ya fara kaɗawa yana gwaf-gwaf.

"Ba ita ba ce."

Ya ciro sabuwar robar da ya sa, ya goge mata haƙori ɗaya da zarto, ransa na suya. Ya mayar. Ta ce ƙas.

"Ba ita ba ce, Kawu."

Ya yi jifa da sukundireba a kan kujera. "Wai ni yau na ga ta kaina! Shekara da shekaru ina gyara, yau ɓatawa ta gagare ni! Ƙara ba ƙara ba ce?"

Maƙwabciya ta ce, "Ka rage murya, ka je ka tambaye ta. Tun ɗazu kai kaɗai ke ta magana."

Ya ja jiki ya zauna a ƙasa, ɗan nesa da kabad ɗin. Ya yi ƙasa da murya, abin da bai saba ba.

"'Yata, na yi laifi. Ki gaya min, me ƙwas ɗin nan yake miki?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Da ƙyar ya hana bakinsa cike shirun.

Can ta ce, "Na san lokacin da zai zo. Sauran ƙararrakin ba sa sallama, faɗo min suke. In ina jiran ƙwas, ina da wurin riƙewa. Sai su wuce ta baya."

"Abin kunnen fa? Ba ga kiɗa a ciki ba?"

"Na hanya ne. In ya daɗe yana min zafi. Gida na fanka ne." Sai ta tambaya, "Ina tsohuwar robar?"

Jama'a, Gyarau mai farar riga da guga, wanda ke raina aikin kowa, shi ne ya sauka ya naɗe hannun riga ya zura kai cikin kwandon shara na bakin titi. Masu wucewa na waiwaye. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Injiniya, an canza sana'a ne?"

"Dariyarka ta yi daidai. Amma don Allah ka ɗan dakata da injin yankan nan, 'yarmu ba ta jin daɗi."

Mai walda ya daina dariya, ya kashe injin.

Ya tona ɓawon ƙwai, ya tona ɓawon albasa da abubuwan da ba sai na faɗa ba, har ya gane ledar gidansu. A ƙasanta ya tsinci 'yar robar, ta yi baƙi da dattin shayi. Ya haura da gudu, ya wanke ta, ya mayar. Fanka ta juya hagu ta ce ƙus, a hankali, don giris ɗin da ya shafa ya kashe mata murya.

Ƙofar kabad ta ɗan buɗe. "Ita ce. Amma ta yi ƙasa."

Sai Tattabara ta rera masa sautin da hanci, ta tsaya daidai inda ƙwas ke faɗowa. Ya goge giris da tsumma, ya kunna, ya dubi kabad. Ta girgiza kai. Ya ƙara gogewa, ya ɗan ɗaure noti, ya kunna. Haka suka yi ta yi, ita tana rerawa shi yana bi kamar sabon ɗan koyo, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ƙwas.

Ta fito, ta tsince hulunan da ba a saya ba daga ƙasa, ta zauna a wurinta, ta ɗauki zare. Kafaɗunta suka sauka. Jim kaɗan waƙar hancin ta dawo, tana hawa tana sauka tare da kan fankar.

Waya ta yi ƙara. Gyarau ya ɗauka, ya ajiye ta a kan tebur a buɗe. Can ɓangaren Yaya na sauraro. Fanka ta je ta dawo, ta je ta dawo.

"Gyarau, ka taɓa fankar nan."

"Yaya, ni dai…"

"Ta fi da laushi. Ni za ka gaya wa? Shekara nawa ina kwana ina tashi da ita?"

Ya sunkuyar da kai kamar tana ganinsa. "Na taɓa. Ki yafe min."

Ta ci gaba da sauraro. Da ta sake magana ba da shi take ba, da wata ma'aikaciyar jinya take.

"'Yar nan, taimaka ki mayar min da jakar nan ƙarƙashin gado. Na fasa tafiya. Ina jin tattabarata."

Ashe har ta haɗa kaya ta sa takalmi. Gyarau ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, da warin shara a jikinsa, ya rufe fuska da hannu.

An yi aikin kashegari, an kuma dace. Kafin a sallamo ta, Gyarau ya koyi sa hannu a aljihu. Akwai ƙofar banɗaki da ke ƙiii duk aka buɗe, kullum sai ya wuce ta yana cije leɓe, bai taɓa ba. Ranar da Yaya za ta dawo, Tattabara ta ɗago daga saƙarta.

"Kawu, ƙofar banɗaki. Ita ba na son ta. Me ya sa ba ka gyara ba?"

Ya tashi ya ɗauko mai.

Darasi: Abin da ke damun kunnenka yana iya zama shi ne ke riƙe da wani. Masu otizim da yawa suna kare kansu daga hayaniya da sautin da suka saba, ko kiɗan da suka zaɓa, ko wurin shiru, kuma su suka fi kowa sanin wanne ke yi musu aiki. Kafin ka gyara wa mutum rayuwa, tambaye shi, ka kuma jira amsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wancan mai saurin hannun da kuka tuna tun farkon labarin.