Masuncin da Ya Zaɓi Babbar Riga

Akwai wani mutum masunci, gidansa yana bakin wani babban tafki. Tun yana ƙarami yake shiga ruwa, har furfura ta fito masa a cikin sana'ar. Mutanen ƙauyen suna kiransa Baban Keziya, da sunan 'yarsa ta fari. Yana da kwalekwale guda da taru guda, kuma duk bakin tafkin an san babu wanda ya fi shi iyo.

Amma da shekaru suka yi nisa, sai kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Wani lokaci in ya ɗaga hannu takan riƙe, ya tsaya cik har ta sake shi. Bai faɗa wa kowa ba. Matarsa ce take shafa masa man zafi, saboda haka ita ta san abin da yake ɓoyewa.

Wata rana tana cikin shafa masa sai ta ce, "Maigida, in kafaɗar nan ta riƙe ka a tsakiyar ruwa, da me za ka yi iyo?"

Ya ce, "Da ɗayar mana."

"Da hannu ɗaya? Sai dai ka yi ta zagaye wuri guda har kifaye su gaji da kallonka."

Ya yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta roƙe shi ya sayi rigar ruwa, irin rigar nan mai soso a ciki wadda take ɗaga mutum in ya fāɗa ruwa. Da ya ga hawaye a idonta, ya yi mata alkawari zai saya, zai kuma riƙa sawa.

Ranar kasuwa ya tafi rumfar wata mata mai sayar da kayan masunta. Riguna suna rataye jere, manya da ƙanana. Ya miƙa hannu ya ɗauko wadda ta fi duka girma, ja wur, mai aljihu huɗu da usur a rataye a wuya.

Mai rumfar ta dubi rigar, ta dube shi, ta ce, "Baba, wannan ta yi maka yawa. Mutum biyu irinka za su shiga ciki."

Ya ce, "'Yata, ni dattijo ne. Tun da na yi aure ban taɓa sa rigar da ta kama jikina ba. Riga sai da yalwa, iska ta shiga ta fita."

"Baba, ai ba ta zuwa biki ba ce. In iska ta sami hanyar shiga, kai ma ka sami hanyar fita."

Bai ji ba. Ya ɗauki babbar, ya shiga ƙauye sanye da ita yana hura usur, matarsa ta fito tana murna.

Kashegari ya shiga kwalekwale. Da ya zauna, rigar ta hau sama har ta taɓa kunnuwansa. Da ya fara tuƙi, ta shiga goge masa hammata. Da ya miƙe zai jefa taru, tarun ya maƙale a aljihu, ya fāɗi a gindin jirgin a dunƙule. Kafin rana ta take, gumi ya jiƙa shi, haɓarsa ta yi ja. Sai ya kwance rigar, ya ninke ta, ya zauna a kai. Ya ji katakon jirgin ya daina cinsa, ya ce a ransa, "Ashe tana da amfani."

Haka ya riƙa yi kullum. Da safe ya sa riga a ƙofar gida, matarsa tana kallo daga bakin gaɓa. Da zarar ya sha kwanar da dogayen ciyayi suka kāre shi, sai ya tuɓe ta ya zauna a kai. In zai dawo, a daidai wannan kwana yake mai da ita jikinsa. Matarsa tana ganinsa ja wur a kan ruwa safe da yamma, hankalinta a kwance.

Bayan 'yan makonni ta ɗauki rigar za ta wanke. Ta ga gabanta sabo fil, rana ba ta taɓa shi ba. Ta juya bayanta, ta ga soson ya kwanta ya baje, da rami biyu a jere. Ta daɗe tana dubawa. Da ya dawo, ta kawo masa abinci. Ta ajiye tuwo, ta ajiye miya, sa'an nan ta shimfiɗa rigar a ƙasa gaban kwanon.

Ta ce, "Bismilla, Maigida, ga matashinka."

Ya dubi rigar, ya dubi ramukan nan biyu, ya sunkuyar da kai. Can sai ya ɗaga hannu ya nuna mata hammatarsa, inda fata ta saluɓe tun kwanan farko.

Ta ce, "To, me ya hana ka faɗa?"

"Ni na zaɓa da hannuna."

"Ranar kasuwa tare za mu."

Mai rumfar tana hango su tafe ta fara murmushi, amma ba ta tuna masa da maganarta ba. Ta gaishe su, ta jawo benci ta ce ya zauna. Ta ɗauko wata riga ƙarama, ruwan lemo, ba aljihu ba ado, mai faɗin hammata, gajeriya a gaba. Ta nuna wa matarsa yadda ake ɗaure maɗauran, a fara daga na ƙasa a hau sama, a ja kowanne har ya kama.

Ya ce, "Wannan ai singiletin yara ne."

Mai rumfar ta ce, "Ja numfashi, Baba. Ya shiga?"

"Ya shiga."

"To ba ta matse ka ba, rungumarka ta yi. Yanzu tuƙa jirgi mu gani."

Ta ari taɓarya daga wurin mai fura a rumfar kusa, ta miƙa masa. Dattijon nan ya zauna a kan benci a tsakiyar kasuwa yana tuƙi da taɓarya, hagu da dama. Masu sayar da kifi suka bar tirensu suka zo kallo. Wata ta ce, "Baban Keziya, in ka kai tsallake ka gaishe su!" Shi ma dariya ta kama shi. Aka ce ya miƙe ya jefa taru, ya jefa da hannu wofi, ba abin da ya maƙale. Aka ce ya sunkuya kamar zai kwashe ruwa daga jirgi, ya sunkuya.

Sa'an nan mai rumfar ta ce wa matar, "Mama, saura gwaji ɗaya. Kama rigar ta kafaɗu ki ja sama da ƙarfi. Haka ruwa zai ja ta. In ta hau zuwa kunne, ba tasa ba ce."

Matar ta kama ta ja. Rigar ba ta motsa ba, sai mutumin ne ya tashi a kan yatsun ƙafarsa. Kasuwa ta ɗauki shewa.

Kashegari ya fita da sabuwar riga yana gunaguni. Da ya isa kwanar ciyayi, hannunsa ya tafi wurin maɗauri don sabo. Amma ba inda take cinsa, sai ya ce bari ya ƙara gaba kaɗan. Kafin tsakar rana ya manta tana jikinsa. Kwanaki suka wuce, damina ta sauka, tafki ya cika. Rigar ta koɗe da rana, ta ɗauki ƙarnin kifi, ta zama kamar fatar jikinsa.

Ana nan, wata safiya yana can tsakiyar tafki, ya ji tarunsa ya yi nauyi ƙwarai. Giwan ruwa ne, babba, irin wanda bai taɓa kamawa ba tun yana saurayi. Ya tokare ƙafa a gefen jirgi ya fara ja. Kifin ya fizga, kafaɗar nan ta riƙe, kwalekwale ya karkata, sai ga shi a cikin ruwa. Ya nutse, duhu ya rufe shi. Ya nemi hannun dama, hannun ya ƙi ɗaguwa. Ya ce a ransa yau kwanansa ya ƙare.

Sai ya ji wani abu ya kama shi a ƙirji yana tura shi sama. Kansa ya fito, ya yi tari, ya shaƙi iska. Rigar ta kwantar da shi rigingine, fuskarsa tana duban sama. Ya gwada yin iyo, ya ga ba bukata. Ya saki jiki ya kwanta a kan ruwan, yana kallon farin gajimare yana wucewa a hankali. Shekara sittin yana kan tafkin nan, bai taɓa kwanciya ya dubi sama daga tsakiyarsa ba. Sai dariya ta zo masa, bayan dariyar kuma waƙar yabo, ya ɗaga murya yana rerawa.

Waƙar ce waɗansu masunta biyu suka ji daga nesa. Suka hango wani abu ruwan lemo yana lilo a kan ruwa, suka tuƙo da sauri, suka jawo shi cikin jirginsu.

Ɗayansu ya ce, "Baba, mun ɗauka kuka kake yi, ashe sujada ka buɗe!"

Kifin ya tafi, ya tafi da rabin tarun. Suka kamo kwalekwalensa suka rako shi gida. Matarsa ta gan shi yana hawowa daga gaɓa, ruwa yana zuba daga jikinsa, hannun dama a rataye, rigar tana ɗaure daram. Ta tarye shi. Sa'an nan ta aika aka kira maƙwabta. A ranar babu kifi ko ɗaya a gidan, miyar kuka ce zalla, amma aka ci aka ƙoshi, aka yi ta waƙa da godiya ga Allah har yamma.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Tafkin nan shi ne zaman duniya, kowannenmu kuma yana da kwalekwalensa da yake fita da shi kowace safiya: gona, ko aji, ko kasuwa, ko rainon 'ya'ya. Rigar ruwa ita ce bangaskiyarmu ga Yesu Almasihu. Kafaɗar da take riƙewa kuwa ita ce raunin da kowa yake da shi, wanda yawanci na kusa da mu ne kaɗai suka sani.

Da yawa daga cikinmu mukan zaɓi bangaskiya yadda wannan dattijo ya zaɓi riga, wato wadda za a gani daga nesa. Mukan ɗauki manyan alkawarai a farkon shekara, mu ce za mu yi azumin kwana arba'in, za mu tashi addu'a ta awa uku, za mu shiga kowace ƙungiya ta ikilisiya. Mukan ari yaren addu'ar wani, mu ari muryarsa. Kwana biyu sai abin ya fara cinmu. Kunya ta hana mu faɗa, domin mu muka zaɓa. Sai mu riƙa sawa a ƙofar majami'a ranar Lahadi, mu tuɓe a kwanar farko ranar Litinin.

Ku lura da abu guda, domin kada a fahimce ni a karkace. Rigar da ta yi wa mutumin nan daɗi ba mai sako-sako ba ce. Mai sako-sakon ita ta saluɓe masa fata. Wadda ta kama ƙirjinsa sosai, ita ce ya iya tuƙi da ita, ya jefa taru da ita, har ya manta tana jikinsa. Bangaskiyar da ta kama mutum ba ta hana shi aikinsa, tare suke yi. Gajeriyar addu'a ta gaskiya kowace safiya, da 'yan ayoyi da ka karanta ka fahimta, da gaskiyar da ka faɗa a kasuwa, da haƙurin da ka yi da mai tsokanarka, waɗannan ba su da usur, ba su da aljihu huɗu, amma suna jikinka a ranar Laraba.

Matar masuncin ita ce ɗan'uwa ko 'yar'uwar da Allah ya ajiye kusa da kai, wanda ya ga abin da kake ɓoyewa, bai tona ka a gaban jama'a ba, ya kama hannunka ya kai ka inda za a gyara. In kana da irin wannan mutum, ka gode wa Allah, kada ka yi fushi da shi. Gara a yi maka dariya a kan benci, a cikin masu ƙaunarka, tun ƙafarka tana kan tudu.

Ranar da kwalekwale zai karkata ba ta aiko da sanarwa. Takan zo da safe, rana tana haske, kana tsakiyar abin da ka fi iyawa. A wannan lokaci babu zarafin neman riga, balle ɗaure ta. Abin da yake jikinka, da shi za ka fāɗa.

Amma ga inda murnar take, kuma ita nake so ku tafi da ita gida. A cikin ruwan nan, mutumin bai riƙe rigar ba, hannunsa ma ya ƙi ɗaguwa. Rigar ce ta riƙe shi. Haka Ubangijinmu yake. Ba ƙarfin riƙonka ne zai fitar da kai ba, ƙarfin nasa riƙon ne. Naka shi ne ka bar shi ya kama ka tun da safe, kafin ka tura jirginka cikin ruwa. Wanda ya yi haka, ko ya fāɗa a wuri mai zurfi, zai iya sakin jikinsa, ya dubi sama, ya yi waƙa.