Lambatun Bushiya da Gonar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu saurara.

Bushiya ce ke da lambu a bayan gida. Duk damina ruwa sai ya kwanta a ciki har ya shigo mata ɗaki. Sai ta ɗauki fartanya ta fara haƙa lambatu, har ta kai iyakar gonar maƙwabcinta Kurege.

Ta ce, "Malam Kurege, bar ni in ratsa kunya ɗaya, ruwan ya wuce rafi."

Ya ce, "Kunyar gyaɗata? Ko ƙwaya ba zan rasa ba."

Ta ce, "Raminka ne a gangare fa, ga 'ya'ya a ciki."

Ya ce, "Ki ji da naki." Ya ɗebo ƙasa ya toshe bakin lambatun.

Ranar kasuwa da hantsi, Kurege ba ya gida, aka tsuge da ruwa. Ruwan ya taru a lambun, ya ɓalle toshiyar, ya kwarara cikin ramin. Bushiya ta kutsa ciki, amma ɗa guda ta iya fitarwa cikin huɗu.

Tun daga ranar, da Kurege ya ji tsawa sai ya miƙe tsaye cak, yana duban hanyar gida.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan kusu.