Marimon Iya Tomie

Akwai wata mata a garin Kushiro mai suna Chizuru. Maƙwabciyarta tsohuwa ce, Iya Tomie, wadda mijinta ya rasu da daɗewa.

Ranar da za a kwantar da Iya Tomie a asibiti don aikin ƙugu, sai ta shigo da wata kwalba a rungume. Marimo ne a ciki, dunƙulen gansakuka kore shar, ya kusa ƙwan agwagwa girma.

Ta ce, "'Yar nan, ga amana. Marigayi ne ya saya mini shekarar da muka yi aure, lokacin bai fi gujiya ba. Ki riƙa canja masa ruwa mai sanyi duk mako, ki ɗan mirgina shi. Kada rana ta taɓa shi."

Chizuru ta yi dariya. "Haba Iya, ciyawa ce fa, ba jariri ba."

Da ta ga yadda yake ƙyalli a haske, sai ta ɗora kwalbar a bakin taga don baƙi su gani. Bazara ce. Ta manta da shi har mako uku.

Ranar da ta tuna, ruwan ya yi ɗumi, marimon ya koma ruwan ƙasa, ya tsage biyu. Ta naɗe shi a takarda ta jefa cikin shara, ta zaga shaguna har ta samo wani mai kama da shi.

Iya Tomie ta dawo tana dogara sanda. Ta karɓi kwalbar, ta daɗe tana kallo, ta yi godiya. Kashegari ma ta kawo mata dafaffiyar kabewa.

Chizuru ta kasa cin kabewar nan. Ta koma leƙen hanya kafin ta fita, don kada su haɗu. A kwana na biyar ta kasa jurewa, ta je ta durƙusa gaban Iya Tomie.

"Iya, ba naki ba ne. Ni na kashe naki."

"Na sani tun ranar. Shekara arba'in da shida ina juya shi a tafin hannuna." Sai ta matso, fuskarta ta ɗan washe. "Ina kika ajiye shi? Ko ya koma ruwan ƙasa, ba ya saurin mutuwa. A tsince wurin da ya lalace, a sa shi a ruwan sanyi da ɗan gishiri, sai ya farfaɗo. Ɗauko mini."

Chizuru ta sunkuyar da kai. Motar shara ta kwashe shi tun kwana goma da suka wuce.

Tsohuwar ta tsiyaya mata shayi. Can ta ce, "To. Tashi, shayinki zai huce."

Darasi: Kuskure yakan gyaru idan an faɗe shi da wuri, ɓoye shi ne ke rufe ƙofar gyara. Kada ka raina abin da aka ba ka amana, ba ka san me yake nufi ga mai shi ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani na riƙe da gaskiyar da ya kamata ya faɗa yau.