Hankaka da Sabon Kulocin Dagaci

An ce a wani gari da ke bayan tsauni akwai wani dagaci, Mantau, mutum mai kunyar jama'a. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, yanar ido ta rufe mata gani, kuma jibi za a yi mata aiki a birni. Motarsa ce kaɗai a garin, jiya aka sa mata sabon kuloci, abin nan da ake takawa a sauya giya.

Da hantsi dattawa suka roƙi aron motar a kwaso duwatsun ginin makaranta. Ya ce su ɗauka.

A bishiyar ƙofar gidansa kuwa akwai wani tsohon hankaka mai kaifin baki, wanda ya tashi a tashar mota. Ya sauko ya ce, "Ranka ya daɗe, duwatsu? A sabon kuloci? Lallai ba ka ji abin da ya sami Barau direba ba."

Dagaci ya ce, "Me ya same shi?"

Hankaka ya ce, "Ranar da Barau ya karɓo motarsa daga gareji da sabon kuloci, makanike ya ja masa kunne: banda lodi, banda hawan tsauni, kada ƙafa ta zauna a kan kuloci, sai faifan ya saba da mazauninsa. Yana isa gida 'yan kai amarya suka yi masa caa. Kunya ta hana shi cewa a'a, aka cika mota da gara da mata har rufi. Wata tsohuwa a cikinsu, Yakumbo Laraba, da ta ji batun gyaran ta ce, 'Ɗan nan, tsaya ka ji labarin Lantana da dutsen niƙa.

'Lantana ta yi sabon dutsen niƙa, ranar kuma surukinta ya sauka. Kowa ya san sabon dutse dusa ake fara ba shi, ya zubar da tsakuwarsa. Ita ko rawar kai ya sa ta niƙa dawar tuwon baƙo a kai. Loma ta farko sai ji aka yi ƙaras! Dattijo ya tofo haƙori a tafin hannu, ga jini a gemu, kunya ta sa yana cewa tuwo ya yi daɗi. Kai ma yau tuwon baƙo za ka niƙa a sabon dutse.'

"Barau ya yi dariya ya tayar da mota. A tsakiyar tsauni ya danne kuloci rabi, yana ta ba ta wuta. Sai ƙauri kamar tsumma ya faɗa murhu. Inji na ihu, mota ko motsi. A ƙafa aka ƙarasa da amarya."

Dagaci ya yi murmushi. "To ai da sauƙi."

"Da sauƙi? Wallahi har yau in na tuna gashina tashi yake! Washegari naƙuda ta zo wa matar Barau da gardama, mota na gareji a kwance. A amalanke aka ɗora ta. Ina bin su ta sama, da idona na ga inda suka daina sauri, suka juyo da ita gida a lulluɓe."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Dagaci ya dafe kai.

"Barau bai ji kunyar matarsa ba, ranka ya daɗe, ta mutanen gari ya ji. Kai jibi a me za ka ɗora Inna?"

Dagaci ya miƙe zumbur, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Da ya isa wurin duwatsun ya tarar an fara lodi. Ya hau bayan motar da rawaninsa, ya shiga sauke duwatsu da hannunsa. Dattawa suka saki baki.

Ɗayansu ya ce, "Subhanallahi! Ranka ya daɗe, me mutane za su ce?"

Ya ce, "Su faɗi abin da suka ga dama. Uwata za ta ga fuskata jibi in Allah ya yarda. Ku kawo jakai."