Kaza Mai Ɗori a Gidan Baba Ɗanlahadi

Akwai wani dattijo, Baba Ɗanlahadi, a wani ƙauye tsakanin Tafoki da Daudawa, cikin ƙasar Faskari. Maɗori ne, sana'ar da ya gada tun daga kakanninsa Maguzawa. Shi da matarsa Inna Lidiya Kiristoci ne, ƙauyen kuma kusan duk Musulmi, amma wannan bai taɓa zama abin magana ba. Wanda ya faɗo daga bishiya ko sa ya tunkuye shi, gidan Baba ake nufa da shi kai tsaye.

Yana da wata al'ada da kowa ya sani. Ranar da ya ɗora mutum, sai ya kama kaza ya karya mata ƙafa daidai inda mutumin ya karye, ya ɗaure ta da kara da tsumma kamar yadda ya ɗaure shi. Tare yake duba su, tare yake sassauta musu ɗauri. In kaza ta fara takawa, sai ya ce wa mai karaya ya tashi ya gwada. Ni ban ce kaza ke warkar da mutum ba, amma haka ya gada, haka kuma jama'a suka saba gani.

Sai zamanin 'yan bindiga ya zo. Ba sai na ba ku labarin abin da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka gani ba, da yawanku kun fi ni sani.

Da aka sanar a rediyo cewa gwamnati ta ayyana 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, mutanen ƙauyen sun yi murna, kuma suna da gaskiya. Suka kafa kwamitin tsaro nasu, suka ɗora Alhaji Abdulgafar a kan shugabanci.

Alhaji Abdulgafar ba mugun mutum ba ne tun asali. Manomi ne mai rufin asiri, mai kyauta kuma. Amma yana da hali guda: in ya furta magana a gaban jama'a, ko ya gane kuskure ce, ba ya janyewa. Da ya hau kujera, sai kalmar "infoma", wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ta zauna masa a baki. Wanda duk ya nuna da yatsa, tasa ta ƙare.

Na farkon da abin ya faɗa wa shi ne Jabiru, wani magidanci da aka sace a gona. Allah ya ba shi sa'a ya kuɓuto ba a biya masa fansa ba. Maimakon a yi masa barka, sai Alhaji ya miƙe a dandali ya ce, "Ba mai fitowa daga dajin can kyauta. Duk wanda ya dawo ba a biya ba, su suka turo shi ya leƙo mu."

Matasa suka rufe Jabiru da duka har sai da ya suma. Da ya farfaɗo ya kwashi iyalinsa ya koma Sabuwa. Cikin waɗanda suka ga wannan abu ta bayan danga har da Zulaihatu, babbar 'yar Alhaji.

Bayan wasu watanni, ranar kasuwar Yankara, aka tare motar da ke dawo da mata gida. Zulaihatu na cikin waɗanda aka kora daji. Alhaji ya yi iya ƙoƙarinsa, sai lambar da 'yan bindigar suke kiransa da ita ta daina shiga. Daga baya aka fara raɗe-raɗin ta rasu. Baƙin ciki bai tausasa shi ba, sai ma ya ƙara masa taurin zuciya.

Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo. Wata safiya Baba Ɗanlahadi ya je gonarsa da ke bakin daji, sai ya ji nishi daga cikin kwari. Ya leƙa, ya ga mace kwance, ta rame, ƙafarta ta dama a karye ƙasa da gwiwa. Sai da ya dube ta sosai kafin ya gane ta.

"Zulaihatu! Ɗiyata, ke ce? Bari in ruga in kira Alhaji."

Ta riƙe masa riga. "Don Allah Baba, kar ka faɗa ma kowa. Gudowa na yi, ba a biya ba. Ka ga abin da aka yi ma Jabiru. Ka san Babana, ba shi janye magana. In ya kare ni a ce ya yi son kai, in ya ƙyale su kuma su kashe ni. Ka bari in fara takawa, in lallaɓa wajen gwaggona a Ƙanƙara."

Baba ya san ba ƙarya ta faɗa ba. Ya yi mata alkawari. Ya ɗauke ta zuwa bukkar gonar, ya ja ƙashin ya daidaita, ya shafa man kaɗanya, ya jera kara ya ɗaure. Ya gaya wa Inna Lidiya ita kaɗai, ita kuma ta riƙa ƙullo masa abinci yana kaiwa.

Da ya koma gida a ranar, hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi. Ya kama wata jar kaza, ya karya mata ƙafar dama, ya ɗaure. Ko kaɗan bai kawo a ransa cewa kazar nan za ta tona abin da bakinsa ya rufe ba.

Ba a jima ba Gide, ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, ya shigo neman maganin ciwon baya, sai ya hangi kaza tana ɗingishi da tsumma a ƙafa. Ya fita ya kai labari. Aka duba ƙauye kaf, ba mai karaya. Aka tambaya Tafoki, aka tambaya Daudawa, ba wanda ya karye. Wani kuma ya ce kullum yana ganin Baba yana nufar bakin daji da ƙunshin abinci.

Shi ke nan, magana ta haɗu. Aka kira tsohon nan dandali, matasa suka kewaye shi da sanduna.

"Baba, wa kake ɗorawa?" in ji Alhaji.

"Mai karaya ne, Alhaji."

"Mi sunanshi?"

Baba ya dubi sandunan, ya dubi Alhaji. "Zo mu keɓe, ni da kai, in faɗa maka. Maganar ta shafe ka."

Wani daga baya ya yi dariya ya ce, "Toshiyar baki zai ba da." Alhaji ya ji, fuskarsa ta sauya. Da ya taka ƙafa kaɗan zuwa bayan bishiyar da ke dandalin, da labarin nan bai kai gare ku ba. Amma idon jama'a na kansa, shi kuma ya fi tsoron idon jama'a a kan komai.

"Ba ni keɓewa da mai ɗora 'yan ta'adda," in ji shi. "Ka faɗa gaban kowa, ko ka riƙe abinka."

"To na roƙe ka abu guda. Ƙafar na kumbura. In ba a sassauta ɗaurin ba jini zai tsaya. Ka haɗa ni da wanda ka yarda da shi, in je in kwance in dawo."

"Ƙafar ɗan ta'adda ce," Alhaji ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ta ruɓe mana!"

Aka yi kabbara, aka kulle Baba a ɗakin kwamiti. Aka sa masu gadi a ƙofar Inna Lidiya, ba shiga ba fita. Ba wanda ya yi ƙarfin halin leƙa bukkar, don sun ɗauka akwai masu bindiga suna gadin ɗan'uwansu. Aka hana kowa bin hanyar gonar har sai jami'an tsaro sun zo. A ranar Alhaji ya tafi Ƙanƙara wani taron tsaro, da niyyar ya taho da jami'ai.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke, tafiyar yini ta koma ta kwanaki. Baba na buga ƙofa daga ciki yana roƙon a kira masa liman, masu gadi suna cewa Alhaji ya hana a saurare shi. Inna Lidiya ta roƙi a bar ta ta ga matan gidan Alhaji, aka ce ta koma ciki. Abin da ya rage mata a hannu shi ne kazar. Ta zauna ta sassauta mata ɗauri kamar yadda ta saba ganin mijinta na yi, tana yi tana hawaye.

Ranar da Alhaji ya dawo da motar jami'ai, jama'a suka cika dandali don ganin an tafi da Baba. Inna Lidiya ta ji hayaniya. Ta rungumi kazar, ta ture mai gadi, tsohuwa da ita, ta ratsa taron har gaban Alhaji. A lokacin ta daina tsoron sanduna.

"Alhaji," ta ce, "kazar ga ta Zulaihatu ce."

Ba wanda ya nemi ƙarin bayani, don kowa a ƙauyen ya san ma'anar kaza mai ɗori. Alhaji ya dubi kazar. Sai kawai aka ga babban mutum ya yar da hula ya ruga cikin dawa, jami'ai na bin sa a baya.

Sun same ta da rai. Ruwan tulun da ke bukkar ya ƙare, zazzaɓi ya rufe ta, ba ta ma gane mahaifinta ba. Da aka fito da Baba ya kwance tsumman, ya dubi ƙafar, sai ya kau da kai. Ta yi baƙi har sama da idon sawu. Aka garzaya da ita asibiti a Funtuwa. Likitoci suka ceci ranta, amma sai da suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Jami'an sun yi tambayoyinsu, suka sallami Baba a ranar. Babbansu ya tara jama'a ya gaya musu cewa wanda aka sace ya kuɓuto ba ɗan ta'adda ba ne, wanda aka zalunta ne, kuma ba a ba kowane kwamiti ikon yanke hukunci ba.

Alhaji ya ajiye shugabancin. Ya je har Sabuwa ya nemi gafarar Jabiru. Jabiru ya ce ya yafe, amma ba zai sake kwana a ƙauyen ba.

Gidan Baba ne ya fi yi masa wuyar shiga. Da ya samu ƙarfin zuwa, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ka yafe mani."

"Na yafe, Alhaji. Tashi, ƙasa na da sanyi. Yaya jikin ɗiyata?"

"Da sauƙi. Tana koyon tafiya da sanda." Sannan ya yi tambayar da ta hana shi sukuni. "Baba, ka faɗa mani gaskiya. Da na bar ka ka je ranar nan, da ta taka?"

Daidai lokacin Inna Lidiya ta watsa tsaba a tsakar gida, kaji suka rugo. A gabansu duka akwai jar kazar nan, tana gudu da ƙafa biyu garas, ko ɗingishi babu.

Alhaji ya bi ta da kallo. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Rana ɗaya na ɗaure su, ita da Zulaihatu."

Darasi: Sunan "ɗan ta'adda" ko "infoma" ba abin da za a liƙa wa mutum da zato ba ne. Gwamnati ta sa wa masu kashe mu wannan suna ne don a kare mu, ba don mu juya shi a kan junanmu ba. In kana zargi, kai wa hukuma ta bincika. In wanda ake zargi ya ce ka saurare shi, ka saurara, ko da jama'a za su yi maka dariya, domin ba ka san a kan wa hukuncinka zai sauka ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman masu riƙe da amanar tsaron garuruwanmu. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya dawo da waɗanda ke daji gida.